Injin Roka da Aikin Manyan Injiniyoyin da ke Ƙera Shi

Gabatarwa

Duk yaron da ya taɓa zuwa kallon hawan salla a Kazaure, daga Roni ko Gwiwa ko wani ƙauye na kusa, ya ga yadda 'yan bindiga ke yi idan za su yi harbi. Mai harbin yakan kafa ƙafafunsa sosai a ƙasa, ya riƙe bindigar da hannu biyu, domin ya san da zarar albarushi ya kama, wuta da hayaƙi za su fita ta gaba, ita kuwa bindigar ta zabura baya da ƙarfi. Wannan zaburar baya ita ce asalin abin da ke ɗaga roka mai nauyin dubban tan daga doron ƙasa zuwa sararin samaniya.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda injin roka ke aiki, da irin nauyin da ke wuyan manyan injiniyoyin da ke tsara shi, da matsayin Nijeriya a wannan fage. Daga ƙarshe za a kawo hanyar da ɗalibin sakandare zai bi in yana sha'awar sana'ar, tare da gwajin da malami zai iya gudanarwa a aji.

Yadda Roka ke Tafiya

A shekarar 1687 Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya wallafa dokoki uku da suka shafi motsi. Ta ukun tana nuna cewa duk abin da ya tura wani, to shi ma wancan ɗin zai tura shi da ƙarfi daidai wa daida, amma ta ɓangaren da ke fuskantar na farko. Bindiga ta tura iskar albarushi gaba, iskar ta tura bindiga baya. Haka roka ke tura iska mai zafi ƙasa, iskar ta tura ta sama.

Akwai halittun da ke tafiya ta wannan hanya. Mazari, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin madatsar ruwa ta Kazaure da kududdufai, yana fara rayuwarsa ne a cikin ruwa. Idan wani abu ya firgita ɗansa, sai ya feso ruwan da ya zuƙa ta bayansa da ƙarfi, jikinsa ya zabura gaba. A teku ma dorinar ruwa da danginta haka suke tsere wa abokan gaba.

Mutane da yawa suna zaton roka na dogara ne da iskar da ke bayanta, tana tunkuɗar ta kamar yadda mai kwalekwale ke tunkuɗar ruwa. Wannan kuskure ne. Roka ta fi aiki sosai a inda babu iska ko kaɗan. Abin da kawai take buƙata shi ne ta sami abin da za ta jefar baya da sauri. Sai dai wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, can sama kuwa babu ita. Injin jirgin sama yana shaƙar tasa daga iskar da ke kewaye da shi, ita kuwa roka dole ta yi guzurin mai da oksijin duka biyu a cikinta. Daga nan babbar matsalarta ta samo asali.

Matsalar Nauyi

Kafin tauraron ɗan'adam ya zauna yana zagaya duniya ba tare da ya faɗo ba, sai ya kai gudun kusan kilomita 8 a kowane sakan, wato kimanin kilomita 28,000 a awa. Da irin wannan gudu, tafiya daga Kazaure zuwa Kano ba za ta wuce sakan goma ba. Idan aka haɗa da abin da ake asara wajen yaƙi da jan ƙasa da ratsa iska, roka na buƙatar ƙarfin da zai ba ta fiye da kilomita 9 a sakan.

Wanda ya fara lissafa yawan man da wannan zai ci shi ne Konstantin Tsiolkovsky, wani malamin makaranta a garin Kaluga na ƙasar Rasha, a cikin wani rubutu da ya fitar a 1903. Ana iya fahimtar lissafinsa da misali. A ɗauka injin yana fitar da iska da gudun kilomita 3 a sakan. Kafin rokar ta sami gudun kilomita 3, dole nauyinta na farko ya ninka na ƙarshe kimanin sau 2.7. In ana son kilomita 6, sai a ce 2.7 sau 2.7, wato kimanin 7.4. In kuwa kilomita 9 ake so, sai a sake ninkawa, a sami kimanin 20. Ma'ana, a cikin kowane tan 20 na roka, tan 19 mai ne da oksijin. Tan ɗaya tak ya rage wa tankuna da inji da na'urori da kayan da za a kai sama.

Ɓawon ƙwan kaza yana ɗauke da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwan. Ke nan ana son injiniya ya ƙera mazubin da ya fi ɓawon ƙwai rashin nauyi idan aka kwatanta da abin da ke cikinsa, kuma ya jure girgiza da zafi. Don sauƙaƙa wannan ne ake gina roka hawa-hawa. Idan man hawan farko ya ƙare sai a yar da shi, na biyu ya kama, kamar matafiyin da ya shanye ruwan gorarsa ya ajiye ta don ya rage kaya.

Ire-iren Mai da Sassan Inji

Man roka iri biyu ne manya. Akwai daskararre, wanda aka gauraya mai da sinadarin da ke ba da oksijin wuri guda. Albarushi, wanda Sinawa suka gano fiye da shekara dubu da suka wuce, shi ne kakan wannan iri. Daskararren mai yana da sauƙin ajiya na shekaru, amma galibi in an kunna shi ba a iya kashewa sai ya cinye. Akwai kuma mai na ruwa, inda ake ajiye kananzir ko haidirojin a tanki guda, oksijin a wani. Oksijin ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin santigiret, haidirojin kuwa sai digiri 253 ƙasa da sifili. Robert Goddard na Amurka ne ya fara harba roka mai man ruwa, ranar 16 ga Maris, 1926. Sakan biyu da rabi ta yi a sama, tsayin da ta kai bai wuce mita 13 ba.

Injin mai man ruwa yana da sassa huɗu muhimmai. Na farko shi ne famfo, mai tura mai da oksijin da matsi mai tsanani. Na biyu wani faranti ne mai ɗaruruwan ƙananan ƙofofi kamar rariya, wanda ke fesa su don su gauraya. Na uku tukunyar ƙuna, inda wutar ke ci. Na huɗu mazurari, wanda ke da matsattsen wuya da buɗaɗɗen baki, kuma shi ke sa iskar ta fita da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa.

Zafin da ke cikin tukunyar yakan haura digiri 3,000, alhali ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538. Dabarar da ke hana ta narkewa ita ce, kafin man ya shiga wuta, sai a zagaya da shi ta cikin siraran bututai da ke jikin bangon tukunyar da mazurarin, ya kwashe zafin. Rokar Saturn V, wadda ta kai mutane duniyar wata a watan Yuli na 1969, tsayinta mita 110 ne, nauyinta kusan tan 2,900. Injinan hawanta na farko guda biyar, masu suna F-1, suna cinye kimanin tan 13 na kananzir da oksijin a kowane sakan.

Aikin Babban Injiniya

Babu mutum ɗaya da ke ƙera injin roka. Aiki ne na ɗaruruwan mutane: masana ƙuna, masana ƙarafa, masu tsara famfo, masu lissafin gudanar iska da ruwa a kwamfuta, masu kula da na'urorin awo, da masu walda da tuƙin ƙarfe. Sabon injiniya yakan fara da ƙaramin sashe, kamar bawul guda ko bututu guda. Bayan shekaru sai a ba shi wani ɓangare sukutum, misali famfon oksijin. Wanda ya kai matsayin babban injiniya shi ke kallon injin baki ɗaya, kuma aikinsa ya ƙunshi abubuwa uku.

Na farko shi ne zaɓi. Haidirojin yana fitar da iska da gudun kimanin kilomita 4.4 a sakan, ya fi kananzir wanda ke ba da 3 da 'yan kai. Amma haidirojin ba shi da nauyi, don haka yana buƙatar ƙaton tanki, ga wuyar ajiya. Duk abin da aka ƙara a wani wuri sai an rage a wani. Babban injiniya ne zai auna ƙarfi da nauyi da kuɗi da lokaci ya yanke hukunci.

Na biyu shi ne gwaji. Lokacin da ake tsara injin F-1, wutar da ke tukunyarsa takan fara kaɗawa har ta tarwatsa injin cikin ƙiftawar ido. Injiniyoyin sun yi gwaji kusan 2,000 a kan wannan matsala. Har ƙananan nakiyoyi suke fasawa a cikin injin yana aiki, don su ga ko wutar za ta koma daidai da kanta. A ƙarshe suka sa shingayen tagulla a jikin farantin fesa mai, suka sauya tsarin ƙofofinsa, matsalar ta kau. Wanda ba ya iya rubuta sakamakon gwajin da ya gaza tsakani da Allah, ba zai yi nisa a wannan sana'a ba.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne sa hannu. Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse sakan 73 bayan tashinsa, mutane bakwai da ke ciki suka rasu, har da wata malamar sakandare mai suna Christa McAuliffe. Dalili shi ne wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar daskararren mai ya sandare saboda sanyi, wuta ta sami kafar fita. A daren da ya gabata, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ba da shawarar kada a tashi in sanyi ya yi ƙasa da digiri 12. Da safen zafin wurin bai wuce digiri 2 ba. Shugabanni suka yi watsi da shawarar. Allan McDonald, wakilin kamfanin a filin harbawa, ya ƙi sa hannu a takardar amincewa, aka samu wani ya sa. Tun daga lokacin ake koyar da wannan labari ga ɗaliban injiniya a jami'o'i da dama, domin su san cewa ranar da lissafi ya ce a dakata, dole wanda ya san lissafin ya faɗa ko da ran manya zai ɓaci.

Roka da Harkar Tsaro

Injin da zai kai tauraro sama shi ne kuma zai iya kai makami wata nahiya. Roka babba ta farko, V-2 ta Jamus, makamin yaƙi ce da aka fara harbawa kan birane a 1944, kuma fursunoni aka tilasta wa ƙera ta, dubbai suka mutu a wajen aikin. Rokar R-7 da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko da ita, wato Sputnik, ranar 4 ga Oktoba, 1957, asalinta makami mai linzami ce.

Saboda haka ƙasashe ke rowar wannan ilmi. A 1987 manyan ƙasashe bakwai suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita sayar da fasahar rokokin da za su iya ɗaukar kilogiram 500 zuwa nisan kilomita 300. A Amurka ma doka ta sa galibin ayyukan injin roka ba a ba baƙo sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. Ma'anar wannan ga ƙasa irin Nijeriya a fili take: ana iya sayen tauraro, ana iya hayar roka, amma ilmin ƙera injin sai 'yan ƙasa sun gina shi da kansu. Ƙasashen da suka taɓa harba tauraro da rokar da suka ƙera ba su wuce goma sha 'yan kai ba.

Matsayin Nijeriya

Alaƙar ƙasar Hausa da binciken sararin samaniya ta daɗe. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da aka jera a faɗin duniya. Tana cikin waɗanda suka yi aiki ranar 20 ga Fabrairu, 1962, lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku. A watan Agusta na 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zanta da Shugaba Kennedy ta wayar tarho ta hanyar tauraron Syncom 2.

An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. Tauraron farko, NigeriaSat-1, an ƙera shi a Ingila, aka harba shi daga Plesetsk ta Rasha a watan Satumba na 2003. Tauraron sadarwa NigComSat-1 Sinawa suka ƙera suka harba a Mayun 2007. Ya daina aiki a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011. A Agustan 2011 an harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Rasha. Na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi lokacin da suke samun horo a Ingila. Rokar da ta ɗauke su, mai suna Dnepr, tsohon makami mai linzami ce da aka mayar ta ɗaukar taurari.

Abin lura shi ne, dukkan waɗannan taurari a kan rokar wasu suka hau. Cibiyar da aka ɗora wa alhakin binciken roka ita ce ta NASRDA da ke Epe a Jihar Legas, wadda ta gwada ƙananan rokoki masu daskararren mai. Epe tana kusa da teku, kuma ba ta da nisa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ke ba roka kyautar gudun kusan rabin kilomita a sakan in an harba ta gabas. A ɓangaren tsaro akwai Hukumar Sararin Samaniya ta Sojoji a Abuja, da kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Ko ƙasa ba ta da babbar roka tana buƙatar waɗannan masana, domin tauraron sadarwa da ke nisan kilomita 35,786 yana da ƙananan injina da ke mayar da shi gurbinsa in ya goce, kuma ranar da mansu ya ƙare aikinsa ya ƙare.

Hanyar da Ɗalibi zai Bi

Tushe shi ne lissafi da fiziks da kemistiri da Ingilishi, kuma su ne darussan da ake rubutawa a jarrabawar JAMB don shiga fannin injiniya. Ba dole ne sai an karanta injiniyan sararin samaniya tun digirin farko ba. Injiniyan ƙere-ƙere, ko na sinadarai, ko na ƙarafa, ko na lantarki, duk ƙofofi ne, kuma ana samun irin waɗannan fannoni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna tana koyar da injiniyan jiragen sama da na sararin samaniya. Digirin shekara biyar ne, sannan hidimar ƙasa, sannan aiki a ƙarƙashin gogaggu kafin a yi rajista da majalisar COREN. Masu binciken ƙuna galibi sukan ƙara da digiri na biyu da na uku. Wanda hannunsa ya fi faɗawa ga aikin ƙarfe yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a nan Kazaure, domin duk kyan zanen inji, walda ɗaya in ta ɓaci ta isa ta hallaka shi.

Gaskiyar magana, guraben aikin roka a Nijeriya kaɗan ne. Amma ilmin zafi da matsi da gudanar iska shi ne ake aiki da shi a tashoshin lantarki masu amfani da gas, da matatun mai, da masana'antun taki da siminti, da wuraren gyaran injinan jiragen sama. Wanda ya bi wannan hanya ba zai yi asarar karatunsa ba.

Tarihin A.P.J. Abdul Kalam na Indiya abin koyi ne. An haife shi a 1931 a wani ƙaramin gari na bakin teku, mahaifinsa mai kwalekwale ne kuma limami, shi kuwa ya yi tallar jarida yana yaro. Shi ya jagoranci aikin rokar SLV-3. Harbin farko a 1979 ya gaza, rokar ta faɗa teku. A watan Yuli na 1980 ta kai tauraron Rohini sama, lokacin yana da shekara 48. Daga baya ya jagoranci shirin makamai masu linzami na ƙasarsa, ya kuma zama shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007.

Gwaji a Aji

Malami zai tanadi balan-balan, da zare mai tsawon mita biyar, da tsinken shan lemo mai rami, da salatif. A zura zaren cikin tsinken, a ɗaure shi tsakanin tagogi biyu ya miƙe sosai. A hura balan-balan, a riƙe bakinsa, a manna shi a jikin tsinken, sannan a saki. Ɗalibai su auna nisan da ya yi. A sake gwajin bayan an manna masa ƙananan tsakuwoyi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sakamakon kowane zagaye a jadawali, har da wanda bai tafi yadda ake so ba. Kada a kuskura a yi wani gwaji da albarushi ko kan ashana ko fetur. Injiniyoyi ma daga bayan katangar kankare suke kallon nasu gwajin.

Kammalawa

An ga cewa roka tana tafiya ne bisa dokar da ke sa bindiga zabura baya, kuma manyan matsalolinta su ne nauyi da zafi. An kuma ga cewa matsayin babban injiniya ana kai masa ne bayan shekaru masu yawa na lissafi da gwaji, kuma rayukan mutane suna rataye a kan sa hannunsa. Ita kuwa Nijeriya, har yau ba ta harba tauraro da rokar kanta ba. Waɗanda za su yi wannan aiki nan gaba suna ajin sakandare a yanzu, kuma dokokin Newton da ake koyarwa a Roni su ne ake koyarwa a ko'ina a duniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa roka ke iya tafiya a inda babu iska, amma jirgin sama ba ya iyawa?
2. Idan roka mai hawa ɗaya tana da nauyin tan 200 kuma kashi 95 cikin 100 mai ne da oksijin, tan nawa ya rage wa sauran sassa?
3. Yi bayanin dabarar da ke hana tukunyar ƙuna narkewa.
4. Wane darasi hatsarin Challenger ya koyar game da aikin babban injiniya?